Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga FAO da WHO: ku yi magana a kan dafin kunama tun 'yan damfara ba su gama da mutane ba

Zuwa ga kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa kan sha'anin magungunan ƙwari, na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya. Ni malamin gona ne, na ƙarar da mafi yawan shekarun aikina ina koya wa manoma awon maganin feshi, da daidaita bakin injin feshi, da yawan kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a girbe. Ban taɓa rubuta wa hukuma mai girmanku takarda ba, kuma da ba don wani yaro da ya sallama mini kwanakin baya ba, da ban rubuta wannan ba.

Waya ya miƙo mini tun kafin ya zauna. A cikin bidiyon, wani mutum mai safar hannu ya kama wutsiyar kunama da dogon hantsaki, ya ɗosana mata waya mai 'yar wutar lantarki, sai ga ɗigo ɗaya fari-fari ya tsattsafo a bakin ƙarinta, bai kai kan allura ba. Rubutun da ke ƙasa ya ce wannan ne ruwan da ya fi kowane ruwa tsada a duniya, kuma shi ne maganin ƙwarin gobe, na halitta, wanda ba ya cutar da kowa. Tambaya biyu yaron ya zo da su. Ina ake sayar da dafin? In kuma ba a samu mai saye ba, zai iya daka kunamun ya jiƙa ya fesa wa kabejinsa? Sai da ya gama na lura babban yatsansa a kumbure yake, ya naɗe shi da tsumma. A bakin ƙofa ya ajiye bokiti mai murfi. Na leƙa. Kunamu ne, sun kai ashirin, wasu a kan wasu, ɗaya ma tana goye da 'ya'yanta farare a baya.

Na hana shi, amma na ga a idonsa cewa maganata ba ta kai nauyin bidiyon ba. Abin da ya fi damuna kuma shi ne bidiyon ba ƙarya zalla ba ne. Akwai gaskiya a ciki, gaskiya mai daɗin ji ma, sai dai an yanke mata kai da ƙafa.

Dafin kunama haɗi ne na sinadarai masu yawan gaske, galibinsu guntayen furotin, kowanne da abin da yake hari. Jijiya, ta mutum ko ta ƙwaro, tana isar da saƙo ne ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikinta, waɗanda ke buɗewa sinadarin sodiyam ya shiga, su rufe nan take. Guntayen da ke cikin dafin suna kama waɗannan ƙofofi, wasu su hana su rufewa, wasu su sa su buɗewa ba lokacinsu ba. To ƙofar ƙwaro da ta mutum sun yi kama, amma ba kwaɗo ɗaya ba ne, saboda haka akwai makullin da ke buɗe ta ƙwaro ya kasa shiga tamu. Eliahu Zlotkin da abokan aikinsa na birnin Marseille a Faransa ne suka nuna haka a 1971, lokacin da suka ware wani guntu daga dafin kunamar Arewacin Afirka mai suna Androctonus australis. In aka yi wa tsutsar ƙuda allurarsa, nan take sai ta ƙanƙance ta sandare. In aka yi wa ɓera, ko gezau. Guntun nan shi ake kira AaIT, tubalan amino 70 ne jere, an ɗaure su da gadoji huɗu da ke hana shi warwarewa. Daga baya aka samo wasu a dafin kunamun Gabas ta Tsakiya masu aikin da ya saɓa wa wannan, su sukan sa tsutsa ta saki jiki ne laƙwas har ta mutu.

Wannan abu ne da ya kamata ya faranta wa duk mai aikina rai, kuma ya faranta mini. Na taɓa tsayawa a kan mai feshi da maganin rukunin oganofosfet ya jiƙa wa riga tun safe bai canza ba: gumi na keto masa, miyau na dalala, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar ɗigon tawada. Ya rayu, amma da ƙyar. Duk wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai raina maganin da ke kashe tsutsa ya ƙyale mai feshi ba. Ga kuma matsalar da ku kuka fi kowa saninta, ta ƙwari da sauron da suka daina jin magani. DDT da magungunan rukunin fairetroid duk ƙofar sodiyam ɗin nan suke hari, shi ya sa 'yar canjin da ƙwaro ya yi wa ƙofarsa kan kare shi daga duka biyun. Guntayen kunama a wani gefe dabam na ƙofar suke kamawa. Ku da kanku kun ƙiyasta cewa ƙwari da cututtukan shuka kan ci har kashi 40 cikin ɗari na amfanin gonar duniya a shekara. Sabon makami ba abin wasa ba ne.

Amma kunamar da aka samo AaIT a jikinta, ma'anar sunanta a Girkanci "mai kashe mutum" ce, kuma ba a banza ta ci sunan ba. A cikin ɗigon nan ɗaya, kusa da makullin ƙofar ƙwaro, akwai makullan ƙofarmu. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2008 ya nuna kunama na harbin mutum kusan miliyan 1.2 a shekara, fiye da 3,250 su mutu, kuma yara abin ya fi yi wa illa. Nau'in kunama ya haura 2,500, masu kisa a cikinsu 'yan kaɗan ne, sai dai 'yan kaɗan ɗin nan su masu bidiyo ke cewa a nemo, don su ne wai masu tsada.

Ko da an kawar da haɗarin harbi, dabarar yaron nan ba za ta kashe tsutsa ɗaya ba, kuma dalilin shi ne ainihin ƙullin da masana suka shafe shekara hamsin suna kwancewa. Allah ya yi wa kunama allura ne domin dafinta ba ya aiki sai ya shiga jiki. In aka fesa shi a ganye, ba ya ratsa fatar ƙwaro. In tsutsa ta ci, cikinta ya narkar da shi kamar kowane furotin, abin da ya tsira kuma ya kasa ƙetare bangon hanji ya kai ga jijiya. Rana da ruwan sama su gama da ragowar. Duk tarihin binciken nan, in aka taƙaita, neman abin da zai maye gurbin ƙarin kunama ne.

An fara da bairos. Akwai wani dangin bairos da ba ya kama komai sai ƙwari, manoma sun daɗe suna amfani da shi, aibinsa kawai shi ne nawa: tsutsa kan yi kwanaki tana ci gaba da cin ganye kafin ta mutu. A 1991 masu bincike suka dasa masa ƙwayar gadon AaIT, ya zama da ya shiga jikin tsutsa, jikin nata ne zai ƙera dafin da zai kashe ta. A farkon shekarun 1990 aka gwada shi a fili kusa da Oxford a Ingila, a kan kabeji, cikin keji na raga, aka wallafa sakamakon a 1994. Ya fi na asali saurin kisa, ɓarnar ganye ta ragu, tsutsotsin sukan sandare su faɗo ƙasa daga kan shukar. Amma gwajin ya ta da ƙura, mutane suka ce ba su yarda a saki bairos mai dafin kunama a maƙwabtansu ba, ko da a cikin raga. An yi irin wannan gwaji a gonakin auduga a Amurka da Sin. Maganin bai zama abin da manomi ke saye a kanti ba.

Sai aka koma ga funfuna. Akwai wata mai suna Metarhizium da ke zaune a cikin ƙasa, in ƙurarta ta sauka a jikin ƙwaro sai ta tsiro ta huda fatarsa ta shiga ciki, wato tana da allurarta. A 2007 Chengshu Wang da Raymond St. Leger suka ba ta ƙwayar gadon AaIT, suka tsara ta yadda ba za ta fitar da dafin ba sai ta kai ga jinin ƙwaro. Ƙarfin kisanta ya ninka sau 22 a kan tsutsar taba, sau 9 a kan sauron da ke yaɗa cutar shawara. A 2011 kuma aka yi wata dabarar da ta fi burge ni: aka ɗauko wani guntu daga dafin duwu, baƙar kunamar nan mai manyan hannaye ta Afirka ta Yamma, aka sa a funfunar, ba don ta kashe sauro ba, don ta kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ke cikinsa. Hanya ta uku ita ce ta masanan Jami'ar Durham, waɗanda suka liƙa guntun dafin jar kunamar Indiya da wani furotin na fure mai iya ƙetare hanjin ƙwaro, ya zama kamar ɗan rakiya da ke shigar da shi ta baki.

A duk waɗannan ba a tatsi kunama don yin magani ba. Abin da ake ɗauka daga gare ta rubutu ne, wato jerin tubalan guntun, sai a ba yis ko bakteriya su yi ta ƙera shi a cikin tanki. Lissafin ma ba ya barin wata hanya. Kunama ɗaya, in ta yi ƙoƙari, miligiram biyu take bayarwa a tatsa ɗaya, yawancinsu ba sa kai haka, kuma sai ta huta makonni kafin a sake. Giram ɗaya ke nan sai an yi tatsa ɗari biyar ko fiye, guntun da ake nema kuma ɗan kaso ne na wannan giram. Tsadar da ake kururutawa an samo ta ne ta hanyar ɗaukar farashin 'yan miligiram da ɗakunan gwaje-gwaje ke saye a ninka shi zuwa galan, alhali babu mai sayen galan. Ɗakin gwaji kuma ba ya karɓar dafin da bai san nau'in kunamar ba, bai san yadda aka tatsa aka busar aka adana ba. A 2021 wasu masana kunama suka yi kashedin cewa wannan sana'a ta tatsar kunama da 'yan koyo ke yi, wadda ta bazu a Iran da wasu ƙasashe, na iya ƙarar da wasu nau'o'in. Kunama ba ta hayayyafa da sauri kamar ƙwaro, haihuwa take yi ta goyi 'ya'ya, wasu sai sun shekara biyu ko fiye kafin su balaga. Duwu ma tun 1995 yake cikin jerin dabbobin da aka sa wa cinikinsu ido a duniya. Abin dariya, in da abin dariya ne, shi ne kunama ƙwari take ci. Wanda ya kwashe ta daga gefen gonarsa don ya yi maganin ƙwari ya kori mai gadin da ba ya biya.

Abin da ya kai kasuwa daga wannan fanni, na gizo-gizo ne. Kamfanin Vestaron na Amurka ya samu rajistar maganinsa Spear a 2014, wanda aka kwaikwayo daga dafin wani gizo-gizon Ostireliya, yis ne kuma ke ƙera shi. A kan tsutsa, sai an gauraya shi da maganin Bt, wanda ake samu daga wata bakteriya, mai huda hanjin tsutsar ya buɗe masa hanya. Haka gwajin da aka wallafa a 2019 daga Burkina Faso, inda funfuna mai ɗauke da dafi ta rage sauro da fiye da kashi 99 cikin ɗari cikin kwana 45 a wani babban keji na raga, shi ma dafin gizo-gizo ne. Na kawo su ne domin sun nuna hanyar tana ɓullewa, kuma na kunama na iya biyo baya kowane lokaci.

A nan ne nake da magana da ku. Ƙa'idar kula da magungunan ƙwari da FAO ta fara fitarwa a 1985, aka sabunta a 2013, ita ce madubin ƙasashe da yawa waɗanda ba su da ɗakunan gwajin kansu. A 2017 kun fitar da jagora kan rajistar magungunan da ba na sinadaran masana'anta ba, sunanta ma ya lissafa kashi uku: masu rai ƙanana, da na tsirrai, da na ƙamshin da ƙwari ke aika wa juna saƙo da shi. Guntun dafin kunama da yis ya ƙera a tanki, a wane kashi jami'in rajista zai sa shi? Ba tsiro ba ne, ba mai rai ba ne, ba ƙamshi ba ne. Jami'in da aka ajiye wa takardun irin wannan magani a tebur, ba shi da ƙwararre a gefensa, ɗaya cikin biyu zai yi. Ko ya ji an ce dafin kunama ya ƙi sa hannu, manoma su rasa abu mai amfani, ko ya ga an rubuta "na halitta" ya sa hannu ido rufe.

Kalmar nan "na halitta" ita nake roƙonku ku ja wa birki. Dafin maciji ma na halitta ne. Guntun da ba ya cutar da ɓera ba a ce ba ya cutar da ƙudan zuma ba, domin zuma ƙwaro ce, ƙofar jijiyarta ta ƙwaro ce. Gwajin da aka yi wa wani guntun gizo-gizo a kan zuma ya ba da sakamako mai kwantar da hankali, amma shaidar wancan ba ta wanke na kunama, kowane guntu sai ya kawo tasa. Kuma da zarar an liƙa masa ɗan rakiyar da ke ƙetarar da shi hanji, ko an ɗora shi a kan funfuna, tambayar ta koma sabuwa, tunda abin da ke kare ƙwarin kirki tun farko shi ne dafin ba ya shiga ta baki. A duba zuma, a duba 'yan zanzaron da ke yi wa tsutsa ƙwai a jiki, a duba abin da shaƙar ƙurar furotin shekara da shekaru ke yi wa mai feshi. Mun ga yadda aka yi da rukunin neonikotinoid, wanda aka yi wa maraba a shekarun 1990 saboda sauƙin illarsa ga mutum, sai a 2018 Tarayyar Turai ta hana fesa uku daga cikinsu a fili saboda zuma. Kada garin gyaran gira a sake rasa ido.

Kada kuma a bari a tallata shi da cewa ƙwari ba za su saba da shi ba. Haka aka ce da kusan kowane magani da na taɓa koya wa manomi awonsa. Tun ranar farko ya kamata takardar jikin kwalba ta faɗi sau nawa za a fesa a damina ɗaya, da abin da za a riƙa sauya shi da shi.

Batun funfuna da bairos da aka sauya wa ƙwayar gado ya fi wannan nauyi, don su masu rai ne, in sun fita ba a kiran su su dawo. Yarjejeniyar Cartagena ta 2000 ta tanadi yadda za a bi, amma abin da ya faru a Oxford ya nuna takardar izini kaɗai ba ta isa ba in mutanen wurin ba su gamsu ba. A yi musu bayani da harshensu, kafin a kafa ragar, ba bayan jarida ta buga ba.

Akwai kuma haƙƙi. Kunamun da aka fi samun waɗannan guntaye a jikinsu na hamadar Afirka ne da Gabas ta Tsakiya da Indiya da Latin Amurka, wato wuraren da yara ke mutuwa da harbinsu kuma maganin dafin ke wuyar samu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce a raba amfanin albarkatun halitta da ƙasar da aka samo su. To yanzu ba sai an ɗauki kunama an haye jirgi da ita ba, jerin tubalan na intanet, kowa na iya kwafa. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu da aka yi a birnin Cali na Kolombiya a 2024 an amince da kafa asusu saboda irin wannan. Ku sa baki, ya zama wani abu daga ribar maganin da za a yi da dafin kunama ya koma ga samar da maganin harbinta.

Waɗannan duka na san za su ɗauki taro da shekaru. Akwai wanda ba ya buƙatar ko ɗaya. Ku fitar da sanarwa, shafi ɗaya tak, da tambarinku a sama, a fassara ta zuwa harsunan da manoma ke ji, a yi ta da murya don wanda ba ya karatu. Ta ce ɗanyen dafin kunama ba maganin feshi ba ne, jiƙa kunama a ruwa ba ya kashe ƙwari, babu kasuwar da ke jiran dafin da aka tatsa a gida, duk wanda ya ce a biya shi kuɗin horo ko a sayi injin tatsa a wurinsa a yi hattara da shi, kuma yaron da kunama ta harba a garzaya da shi asibiti.

Yaron da na ba ku labari, na sa ya kai bokitin can cikin duwatsu nesa da gidaje ya kifar da yamma. Ya yi, don yana ganin girmana. Amma da zai tafi ya juyo ya ce, "Baba, mutum miliyan nawa suka kalli bidiyon nan, a ce duk ba su sani ba sai kai?" Ban sami abin da zan nuna masa ba. In kun fitar da shafin nan, ni da kaina zan buga shi in kai masa har gona.

Na bar ku lafiya.

Naku,
Wani malamin gona mai ritaya